Faifai Ashirin a Bayan 'Yar Tarakta

Akwai wani bawan Allah da ya shekara goma sha bakwai yana jan tirela, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Kowa Direba yake ce masa, har mahaifin da ya haife shi.

Ciwon baya ne ya sauko da shi daga mota. Likita ya gaya masa in bai bar doguwar tafiya ba, wata rana cicciɓo shi za a yi a sauke. Sai ya tattara ya nasa ya nasa, ya dawo gida wurin matarsa da 'ya'yansa, ya ce shi kuma noma zai kama.

Mahaifinsu yana da fadama guda a bakin rafi, inda ake shuka shinkafa. Shekara da shekaru ƙanen Direba ne yake noma ta da shanunsa biyu. Mutum ne marar magana, in ya fita da safe sai yamma, kuma bai taɓa barin ta ba shuka ba.

Direba ya je ya durƙusa gaban tsohon, ya ce a ba shi fadamar.

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Fadamar nan ba ta jiran kowa. In ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi, kwana huɗu gare ka. Ruwa na biyu yana zuwa ta zama tafki, ko agwagwa sai ta yi shawara kafin ta shiga. Na ba ka daminar bana. In ka gyara ta ka watsa iri kafin ruwa ya rufe, ta zama taka. In ka kasa, ta koma hannun ƙanenka, kuma kada ka sake tayar min da maganar."

Direba ya yi dariya. "Baba, mutumin da ya ja tan arba'in ya hau tsauni da shi, fadama ce za ta gagare shi?"

"To," in ji Baba.

Abin da ƙarfinsa ya kai ya saya ita ce wata ƙaramar tarakta ja, wadda wani ya taɓa aiki da ita, mai ƙarfin doki ashirin da biyar. An haɗa masa da haronta, wato ƙarfen nan mai faya-fayai da ake maƙalawa a baya yana farfasa ƙasa. Faifai takwas ne da shi, ɗan daidai da ita.

Ranar da ya shigo gari da ita, sai da ya bi ta gaban teburin mai shayi, inda maza ke zama. A nan ne ɗan gwaggonsa, wani dogo mai bakin tsiya da ake kira Zaƙaƙuri, ya miƙe tsaye ya dafa ƙirji.

"La ila! Direba, wannan fa? Ko gyara aka yi maka da ita da ka sayi taya?"

Aka kwashe da dariya.

"Ka riƙa ɗaure ta da igiya," in ji Zaƙaƙuri, "kada shaho ya sure maka. Daga tirela sai 'yar tsako! Allah kada ka gwada mana saukar girma."

Direba ya yi yaƙe, ya ce, "Kai da ko keke ba ka da shi." Amma maganar ta shige shi. Kafin mako ya zagayo, duk gari 'Yar Tsako ake kiran taraktar.

Matarsa mace ce mai kunya, ba ta cika sa baki a harkar maza ba, sai dai idonta ba ya barci. Ita ce ta lura cewa kwana biyun farko a ƙofar gida yake ajiye taraktar, yana goge ta da tsumma. Daga baya sai ya koma kai ta bayan gida, wurin da ake shanya.

Ana nan, wata rana ya je garin da ake sayar da tsofaffin kayan noma neman man giris. A filin wani dillali ya hango haro rawaya, ƙato, faifai ashirin a jere kamar haƙoran dodo. Ya zagaya shi sau uku. A ransa har ya ga kansa ya biyo ta gaban mai shayi da wannan abu a bayansa, bakin Zaƙaƙuri a buɗe.

Dillalin ya tambaye shi, "Wace irin tarakta ce da kai, maigida? Wannan na manya ne fa."

"Kai dai loda," in ji Direba.

Aka yi musaya. Ya ba da ɗan haronsa mai faifai takwas, ya yi ciko, aka kawo masa ƙaton har gida. Washegari wani manomi daga nesa ya saye ƙaramin ya yi gaba da shi.

Da ya zo maƙalawa, sai abu ya ƙi. Tarakta tana da hannuwa a baya masu ɗaga kaya, kowane da raminsa, inda ake zura ƙusar haro. Ƙusoshin ƙaton haron sun fi ramukan kauri. Ya buga, ya juya, ya shafa mai, ko alama.

Sai ya nufi wurin Mai Walda, wani dattijo da ke bakin kasuwa, wanda ya tsufa a gyaran tarakta kafin ya koma walda. Ya ce a zo a faɗaɗa masa ramukan.

Mai Walda ya biyo shi gida. Ya duba taraktar, ya duba haron, sannan ya zura ɗan yatsansa a ramin.

"Ɗana, wanda ya ƙera wannan ba mantuwa ya yi ba. Da gangan ya yi ramin ƙarami, don kada babban kaya ya shiga. Ƙofa ce ya rufe, kai kuma ka kira ni in ɓalle ta."

"Baba Mai Walda, ni fa lodi ba baƙona ba ne. Motar tan talatin, arba'in muke ɗora mata, kuma ta kai."

"Tirela kayanta a kan tayoyinta yake zaune, kai ja kawai kake yi. Wannan kuwa goyo take yi. Ka taɓa ganin 'yar shekara biyar ta goya ƙato ta miƙe?"

Ya ciro wata igiya daga aljihu, ya auna daga wajen tayar baya ta dama zuwa wajen ta hagu, ya ƙulla. Ya ce, "Ka ga nan? Haron da ya dace da ita shi ne wanda zai rufe sawun tayoyinta, ya ɗara da tafin hannu. Iyakarta ke nan." Sannan ya shimfiɗa igiyar a kan ƙaton haron. Sai da ya auna sau biyu, kuma da saura.

"Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ɗana. Ni hannuna ba zai yi wannan aikin ba."

Ran Direba ya ɓaci. "Ku tsofaffi komai tsoro. Kaya ba ya fin ƙarfin mota, sai dai a samu ragon direba."

Mai Walda ya naɗe igiyarsa ya mayar aljihu. "Allah ya ba da sa'a. Ka san inda rumfata take."

Direba ya shiga kasuwa ya samo wasu siraran ƙusoshi, ya cire na asalin, ya ɗaure haron da hannunsa. Ya koma gefe yana kallo, yana murmushi. Taraktar kuwa ta zama kamar ƙwaro ya ɗauko ganye.

Kwana tara bayan haka ruwan farko ya sauka, mai kyau, har ƙamshin ƙasa ya cika gari.

Da sassafe Direba ya tayar da injin, ya ja sandar ɗaga kaya. Hannuwan baya suka yi ƙugi, suka yi rawa, haron ya ɗan bar ƙasa. A daidai lokacin kuma tayoyin gaba su ma suka bar ƙasa. Ya saki kuloci a hankali, taraktar ta tafi hancinta a sama kamar akuya tana son cin ganyen bishiya. Ya murza sitiyari dama, ta ƙi. Ya murza hagu, ta ƙi, tunda tayoyin da za su juya ta a iska suke. Kai tsaye ta shige dangar maƙwabci ta kwantar da ita.

Maƙwabcin ya fito yana salati. Ba a jima ba sai ga Zaƙaƙuri da kofin shayinsa a hannu.

"A'a! Ashe 'Yar Tsakon taka har tashi take yi? Direba, ka ce mana jirgin sama ka sayo!"

Ranar farko a nan ta ƙare: gyaran dangar mutane, da cika buhuna huɗu da yashi, da ɗaɗɗaure su a gaban tarakta don hancinta ya sauko.

Rana ta biyu ya isa fadama, da ƙyar, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya sauke haron, faifai ashirin suka nutse cikin laka. Ya sa giya ta ɗaya. Taraktar ta yi taku kamar goma, sannan tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya suna feso taɓo. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga bututun salansa.

Da wani ne, da ya tsaya. Amma Direba yana da dabarar da ta sha fitar da shi a hawan tsauni: a danne totur har ƙasa, a riƙe kuloci rabi da rabi, a bar mota ta lallaɓa. Ita ya yi. Ya yi sau ɗaya, haron ya motsa kamar kamu guda. Ya ji daɗi, ya sake. Ya kuma sakewa.

Sai wani wari ya taso daga ƙarƙashin ƙafarsa, kamar ana babbaka gashi.

Ya san warin nan. Duk direba ya san shi. Ya ɗage ƙafarsa gaba ɗaya, injin yana ta ruri, amma tayoyin ko motsi. Kuloci ya ƙone. Ga ta kuma ta nutse har cikinta yana taɓa laka.

Ya kashe injin. Fadama ta yi tsit, sai kukan kwaɗi.

Ƙanensa yana tsaye a kan kunya tun ɗazu. Sai yanzu ya matso.

"Yaya, in kawo shanun?"

Direba bai iya kallonsa ba. Ya gyaɗa kai kawai.

Haka shanu biyu suka jawo 'Yar Tsako daga fadama, suka bi da ita ta tsakiyar gari, Direba yana zaune a kai yana riƙe da sitiyari. Da suka zo gaban mai shayi, ya sunkuyar da kai yana jiran harbin Zaƙaƙuri. Amma ko shi, da ya ga fuskar ɗan kawunsa, sai ya mayar da bakinsa cikin kofi.

Da safiyar rana ta uku matarsa ta kawo masa abin kari. Ta same shi zaune a bayan gida ya zuba wa taraktar ido. Ta ajiye, ta juya kamar za ta tafi, sai ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Baban yara, in ce wani abu?"

"Ke ma dariyar za ki yi?"

"A'a. Na tuna ne da lokacin da ka kawo min tamfol ɗin motarka in ɗinke maka da kekena. Allura uku na karya, ban gaya maka ba. Har na yi fushi da keken na ce ba shi da kirki. Amma ka ga har yau shi yake ɗinke mana kayan yara." Ta matso kusa da shi. "Ka je wurin Baba Mai Walda mana."

"Da wane idon zan kalle shi?"

"Da wanda ka gaya masa magana da shi. Saura kwana biyu fa."

Ya mayar da idonsa kan taraktar. Bai kuma taɓa abincin ba. Amma da ta leƙo bayan ɗan lokaci, ba ya nan.

Mai Walda yana zaune a rumfarsa yana gyara ƙafar wata kujera. Direba ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Ya buɗe baki zai fara ba da haƙuri, tsohon ya katse shi.

"Kuloci ne ko?"

"Shi ne, Baba."

"Na ji warinsa tun daga nan. Tashi mu je, haƙurin ka ba ni a hanya."

Canza kulocin tarakta ba ƙaramin aiki ba ne, sai an raba ta gida biyu. Suka wuni a kai, Direba yana miƙa sifana yana riƙe noti, ba musu ba gardama. Rana ta uku ta tafi a haka.

Da gari ya waye, aka jawo ƙaton haron daga fadama zuwa rumfa. Mai Walda ya ciro igiyar nan mai ƙulli, ya shimfiɗa a tsakiyarsa, ya sa alli ya ja layi a dama, ya ja a hagu.

"Ƙaraminka ya tafi, babu inda za mu samo wani yau. Sai dai mu yanka wannan. Ka yarda?"

Direba ya kalli faya-fayan, rawaya, masu ƙyalli.

"Yanka, Baba."

Wuta ta kama ƙarfe. Yana tsaye yana gani faifai goma sha biyu suka faɗi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, aka jingine su a bango. Takwas suka rage. Aka liƙa ƙusoshi daidai ramin hannuwanta, suka shige sumul ba ko bugu. Aka kwance buhunan yashi. Da ya ja sandar ɗagawa, haron ya tashi kamar ba komai, tayoyin gaba suna zaune daram a ƙasa.

Rana ta riga ta take tsaka lokacin da ya shiga fadama. Gabas kuwa ta fara haɗa rai.

Ya sauke haro, ya sa giya. 'Yar Tsako ta tafi. Ba hayaƙi, ba ruri, sai wata 'yar ƙara mai daɗi, ƙasa tana juyewa a bayanta laushi laushi. Ta kai ƙarshe, ya juyo, ta dawo. A layi na uku ne ya gane abin da ya yi wa kansa: da a haka ya fara tun ranar farko, da yanzu yana gida ƙafa a miƙe.

Da ya waiwaya, sai ya ga mutum biyu a bayansa suna watsa iri. Matarsa ce, da ƙanensa, wanda in aikin nan ya lalace shi fadamar za ta koma wa. Ya ɗaura ƙwarya a kugu yana watsawa da sauri, kamar gonarsa.

Direba ya so ya ƙara giya, ya danna totur. Ƙafarsa har ta tafi, sai ya janye ta. Ya bar taraktar ta yi tafiyarta.

La'asar sakaliya iska ta kaɗa. Ɗigon farko ya faɗo a kan murfin injin. Ya ƙara layi ɗaya, ya ƙara wani, har ƙanensa ya ɗaga murya, abin da bai saba ba.

"Yaya, fito da ita! In ta nutse yanzu sai kaka!"

Ya fito da ita. Suka tsaya su uku ƙarƙashin bishiya suna kallon ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Abin da aka gyara aka shuka bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

Washegari da hantsi Baba ya ce a kai shi fadama. Ya zo yana dogara sanda, 'ya'yansa biyu a bayansa, ƙaramin yana ɗauke da turakun da tsohon ya ce a sassaƙo. Ruwa ya kwanta ko'ina. Amma ta cikinsa ana iya ganin inda baƙar ƙasar da aka juya ta ƙare, da inda ciyawa ta fara.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Na ce in ka kasa ta koma hannun ƙanenka. Ka kasa, Direba."

"Na kasa, Baba."

Ƙanen ya ce, "Baba, ai da ma..."

"Yi min shiru, ba da kai nake ba."

Tsohon ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga ruwan. Ya bi layin nan a hankali, yana nuna wuri da sanda, ana kafa turke. Sai da aka kafa bakwai, daga kunya har bakin rafi, sannan ya juyo.

"Ban taɓa raba mutum da shukarsa ba, ba kuwa zan fara da tsufana ba. Daga turakun nan zuwa can, abin da ka iya ja ke nan, shi ne naka. Sauran na ƙanenka ne har abada. Kuma tunda bana ba abin da zai girba a nan, kai ka cinye masa damina, duk buhu biyu da ka ɗaure, ɗaya a ƙofarsa za ka sauke."

Direba ya kalli turakun, ya kalli faɗin ruwan da ke bayansu, wanda ba ƙwayar iri ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, da da ƙaramin haron na fara, kwana uku ya ishe ni in gama ta duka."

Baba ya fito daga ruwan, ya karkaɗe ƙafarsa, ya sa takalmi.

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa na ba ka huɗu."

Darasi: 'Yan uwa, kowane abu da iyakar abin da zai iya ɗauka, ko inji ne ko mutum. Ƙaramin abin da ya yi daidai da kai ya fi babban da ka ɗauko don a gani a yaba. Masu yi maka dariya ba su za su fitar da kai daga laka ba, kuma in wanda ya san aiki ya ce maka bari, ka bari tun kafin ka ji hoho. Ku tura wa wani ya karanta, wataƙila yau ɗin nan yana tsaye gaban nasa faifai ashirin.